Tsohon coci a bakin tekun Norfolk: za a bar ni in mayar da shi gida?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa da ke aikin asibiti a gabashin Ingila. Ya ga an sa wani tsohon ƙaramin cocin masunta a gwanjo a wani ƙauye na gaɓar Norfolk, ƙofarsa na kallon teku. An daɗe da daina ibada a cikinsa, an yi wasu shekaru ana ajiye kaya, yanzu kuma a garƙame yake. Farashin da aka buɗe da shi bai kai rabin kuɗin gida mai ɗaki uku a garin da yake haya ba, kuma saura mako uku a yi gwanjon. Yana son sanin ko hukuma za ta ba shi izinin mayar da ginin gidan zama, shi da maiɗakinsa da 'ya'yansu uku.

Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗi ƙwarai da ka yi tambayar tun kuɗinka na hannunka. Na haura shekara goma ina shirya wa mutane takardun neman izinin gini a wannan yanki, kuma mafi yawan masu zuwa wurina da irin wannan magana sun riga sun biya, makulli na aljihunsu, sannan suke neman sanin ko an yarda a kwana a ciki. Wasu sun dace. Wasu kuwa har yau suna kashe kuɗi a kan ginin da ba za su taɓa kwana a cikinsa ba, kuma ba na so ka shiga sahunsu.

Ana ba da irin wannan izini. Tsohuwar tashar kwale-kwalen ceto ta Tenby a Wales, wadda aka gina a 1905, yau gidan zama ce. Haka ma wasu daga cikin hasumiyoyin Martello da aka jera a gaɓar kudu da ta gabas a farkon ƙarni na 19 don tare sojojin Napoleon. Hukuma ta fi son tsohon gini ya samu mai kula da shi a kan ya zauna yana ruɓewa. Sai dai a wurin da ka kwatanta min, teku ne zai fara yanke hukunci kafin kowane jami'i, kuma kana iya sanin hukuncin nasa daga kan kujerarka tun ba ka kashe ko kwabo ba.

Bari in share fage da dokar. A Ingila mallakar gini daban, ikon sauya abin da ake yi da shi daban. Haka abin yake tun dokar tsara birane da karkara ta 1947, kuma dokar 1990 da ake aiki da ita yanzu a kan wannan turba take. Ko bulo ɗaya ba ka ɗora ba, ranar da ka shigar da katifa da tukunya cikin ginin da doka ta sani a matsayin wurin ibada ko sito, ka sauya amfaninsa, kuma sauyin kansa sai da izini. Kowane gini da rukuninsa: gidan zama C3, wurin ibada F1, sito B8, shago da ofis da gidan abinci kuma rukunin E. Wataƙila abokan aiki sun ce maka yanzu an sauƙaƙa, ana mayar da shaguna gidaje ba tare da dogon turanci ba. Gaskiya ne, tun Agustan 2021 akwai gajeriyar hanya mai suna Class MA, wadda ƙaramar hukuma ke da kwana 56 ta ba da amsa a kanta. Amma ta rukunin E ce kaɗai, ba ta aiki a kan ginin da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi, ba ta kuma aiki a yankunan da aka keɓe saboda kyawun ƙasarsu, alhali babban ɓangaren gaɓar Norfolk yana cikin irin wannan yanki. Coci ba ya ciki, sito ma ba ya ciki. Cikakken izini za ka nema.

Kada kuma wani ya ce maka ka shiga ka zauna shiru, in an daɗe zai zama halal. Da can shekara huɗu ce, amma daga 25 ga Afrilun 2024 hukuma na da shekara goma ta biyo ka, kuma a ƙauyen bakin teku da kowa ya san kowa ba a mako guda da fitila a tagar tsohon coci ba a sani ba.

Teku yana cin gini ta hanya biyu, kuma takardunsu daban. Ta farko zaizayar ƙasa. Gaɓar gabashin Ingila yawancinta yumɓu ne da yashi da tsakuwa, ruwa na gutsurar ta kamar yadda kogi ke cin gaɓa da damina, sai dai ita ba ta da rani. A Holderness da ke gabashin Yorkshire ƙasa na tafiya kimanin mita 2 a shekara in aka yi matsakaicin lissafi, kuma matsakaicin lissafi yana ruɗi, domin ana iya shekara uku ba a rasa taku ɗaya ba, a dare guda kuma mita goma ta zube. A Norfolk ɗin da kake magana, a daren 5 ga Disamban 2013 gidaje suka rufta cikin teku a Hemsby, aka sake rushe wasu a 2018 da 2023 don kada su faɗa da kansu. Happisburgh ta yi asarar gidaje da hanya. Alƙaluman da hukumar muhalli, Environment Agency, ta fitar a ƙarshen 2024 sun nuna gine-gine kimanin 3,500 na cikin haɗarin zaizaya nan da 2055, su kai kimanin 10,100 nan da 2105, ko da an aiwatar da duk tsare-tsaren kariya da ke rubuce.

Gwamnati ba ta ɗauki alkawarin kare kowace gaɓa ba. An raba gaɓar Ingila cikin tsare-tsare 20, kowane yanki an rubuta masa ɗaya daga cikin abu huɗu: a riƙe gaɓar inda take, a tura ta gaba, a ja da baya a hankali bisa tsari, ko a zuba ido. An kuma raba lokacin gida uku har zuwa 2105. Saboda haka kana iya ganin katangar kankare ƙatuwa a gaban cocin ka samu natsuwa, alhali a takarda an rubuta cewa za a riƙe ta na wasu shekaru ne, daga nan a bar ta. Ko inda aka ce za a riƙe, niyya ce aka bayyana, kuɗin aikin sai an nemo. Ka nemi Shoreline Management Plan, wato sunan waɗannan tsare-tsare, a shafin gwamnati, ka duba yankin da cocin yake, ka karanta dukkan zangunan uku, kada ka tsaya a na yanzu.

Daga nan ka buɗe taswirar kundin tsarin ƙaramar hukumar. In ka ga ginin ya faɗa cikin yankin da aka rubuta wa Coastal Change Management Area, wato inda ake sa ran gaɓa za ta ja baya, to shawarata ka haƙura da shi. Jagorar gwamnati ta faɗa ƙarara cewa sabon gidan zama na dindindin bai dace a irin wannan yanki ba, har da wanda aka samar ta hanyar sauya amfanin tsohon gini. Lissafinsu shi ne gida zai shekara 100. Ana iya barin ka ka buɗe wurin shan shayi ko ɗakin sana'a na wani wa'adi, amma ba wurin da yara za su kwana ba. Zane mai kyau ba ya sauya wannan, lauya ma haka.

Na taɓa raka wani magidanci da matarsa duba wani tsohon ɗakin ajiye kwale-kwale da suka ƙwallafa rai a kai. Muka zagaya baya da awo, daga bango zuwa bakin gaɓa tafiyar 'yan daƙiƙu ce. Da muka sauka bakin ruwa muka ɗaga kai, sai ga bututun ruwa yana leƙowa daga jikin yumɓun, can sama, ga guntun shinge yana reto a iska da wayarsa. Na gidan maƙwabci ne da ya riga ya tafi. Matar ta daɗe tana kallon bututun, ba ta ce komai ba, muka koma mota. Abin da na gaya musu a hanya shi zan gaya maka: in teku ya ci gidanka babu diyya, inshorar gida a al'ada ba ta biyan zaizaya, kuma rushe ginin kafin ya faɗa nauyinka ne. Tallafin da ake bayarwa fam 6,000 ne, na rusau ne kawai. An taɓa ɗauke hasumiyar fitilar Belle Tout mai nauyin tan 850 aka ja ta baya mita 17 daga bakin gaɓa a 1999, amma wannan aikin masu hali ne da filin ja da baya.

Hanya ta biyu ambaliya. Mutanen wannan gaɓa ba su manta daren 31 ga Janairun 1953 ba, lokacin da iskar arewa ta haɗu da cikar teku, ruwa ya haura katangu cikin duhu, mutum 307 suka rasu a Ingila. Da yawansu suna barci ne a ƙananan gidaje marasa bene, ba inda za su hau. Duk wata tambaya da jami'i zai yi maka a kan ambaliya daga wannan dare ta samo asali: in ruwa ya shigo ƙarfe biyun dare, ina yaranka suke, ina za su nufa?

Taswirar ambaliya ta masu neman izini kyauta ce a intanet. Ta raba ƙasa shiyya uku. Shiyya ta 1 haɗarinta kaɗan ne. Shiyya ta 3, in ana maganar teku, ita ce inda yiwuwar ambaliya a kowace shekara ta kai ɗaya cikin 200 ko fiye, kuma ana zana ta ne kamar babu katangar kariya. Ginin da ƙofarsa ke kallon teku a ƙasa mai kwari, da wuya ya fita daga ta 2 ko ta 3. Akwai sassauci ɗaya a gare ka: mai sabon gini sai ya nuna babu wani fili mafi aminci da zai iya ginawa, amma mai sauya amfanin tsohon gini an ɗauke masa wannan. Abin da ba a ɗauke maka ba shi ne rahoton haɗarin ambaliya na wannan gini takamaimai, wanda injiniya zai rubuta. Zai auna tsayin daɓen cocin daga matakin teku, ya ɗauko tsayin ruwan babbar ambaliya, ya ƙara hauhawar teku ta shekara 100. A wannan yanki lissafin gwamnati ya sa hauhawar tsakanin mita 1.2 da 1.6 daga 2000 zuwa 2125. Sannan ana so daɓen gida ya ɗara wannan tsayi da santimita 30 zuwa 60. In bai kai ba, sai a koma ga dabaru: ɗakunan kwana duka a sama, wurin fakewa a bene, soket da mitar wuta a ɗage su, daɓen tayil maimakon katako, da rubutaccen tsarin ficewa in an yi gargaɗi.

A nan ne ƙananan coci-coci suke faɗuwa, kuma mutane ba sa hango shi. Hukumar muhalli tana cewa ka ɗaga daɓe ka kai ɗakunan kwana sama. Jami'in kula da gine-ginen tarihi kuma yana cewa darajar cocin ita ce faɗin zaurensa da dogayen tagoginsa, kada ka raba shi da bene, kada dakalin bene ya ratsa tsakiyar taga, kada ka taɓa ƙofa. Kowannensu na da gaskiyarsa, kai ne a tsakiya. In rufin yana da tsayi, mai zane nagari yana iya rataya bene a rabin zauren, ya ja shi baya daga tagogi, ya bar sauran a buɗe har sama, kowa ya samu abin da yake so. In kuwa ginin gajere ne, bene ba zai shiga ba, to iyali mai mutum biyar ba su da wurin kwana da doka za ta amince da shi. Ka auna tsayin daga daɓe zuwa inda rufi ya zauna a kan bango. Ma'aunin gwamnati yana son tsayin ɗaki ya kai mita 2.3 a mafi yawan gidan, kuma gida mai ɗaki uku na mutum biyar a hawa biyu kada ya gaza murabba'in mita 93. Da wannan awo biyu kaɗai za ka san ko akwai magana.

Ka duba ko ginin yana cikin rajistar gine-ginen tarihi ta Historic England, ita ma kyauta ce. Yawancin gine-ginen da aka yi tsakanin 1700 da 1850 da suka tsira da kamanninsu suna ciki, na bayan nan kuma ana zaɓa. In yana ciki, izini biyu za ka nema a tare, na sauya amfani da na taɓa ginin tarihi. Na biyun ba a biyan kuɗin nemansa, amma shi ya fi cizo. Ya shafi ciki da waje, har da benci da mumbari da katangar harabar in tsohuwa ce. Taɓa su ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara biyu ko tarar da ba ta da iyaka, kuma ba ya tsufa. Abin da ya fi ba ni tsoro ga mai saye shi ne ɓarnar da mai ginin na baya ya yi tana bin ginin. In wanda ya mayar da shi sito ya cire tagogin katako ya sa na roba, kai za a ce ka mayar.

Wurin ibada a idon tsarin ƙananan hukumomi da yawa kayan al'umma ne, kamar ɗakin taro ko mashayar ƙauye. Kafin su yarda ya zama gidan mutum ɗaya sukan nemi hujjar cewa an tallata shi na tsawon lokaci, sau da yawa shekara guda, a farashi mai ma'ana, ba a samu mai son sa don amfanin jama'a ba. Ka tambayi dillalin ko akwai wannan hujja. Ka kuma tambaya ko zamansa sito an yi shi da izini, domin amsar ita za ta nuna a wane rukuni hukuma ke kallonsa yau.

Sai lafiyar bangon. Izinin da za a ba ka na gyara ginin da ke tsaye ne. Za a nemi rahoton injiniya cewa zai ɗauki aikin ba sai an rushe an sake ba. In ana tsakiyar aiki bango biyu suka zube, hukuma na iya cewa abin da kake yi yanzu sabon gini ne, kuma sabon gida a wannan wuri ba za ta taɓa yarda da shi ba. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, tana cin ƙarfe a ɓoye. Ka kalli bangon da ke fuskantar ruwa: in ka ga tsaga a kwance tana bin layin bulo a tazara iri ɗaya, ƙarafan cikin bango ne suka yi tsatsa suka kumbura. In ka shafa bangon ciki farin gari ya biyo tafin hannunka, gishiri ne. Wanda ya taso a tsohon gidan ƙasa a birnin Kano ko Zariya ya san abin da ke faruwa in aka shafe tubali da siminti: laima ta rasa mafita, wata rana shafen ya ɓanɓaro da rabin bango. Tsofaffin gine-ginen nan da kwaɓin farar ƙasa aka yi su, ciwonsu iri ɗaya ne, maganinsu ma a mayar musu da irin kwaɓinsu. Wannan ɓangare yana ƙarƙashin dokokin ingancin gini, waɗanda ofishinsu da takardarsu daban suke da izinin da muke magana, kuma su ne za su tambaye ka hanyar tsira daga gobara, da rufin ɗumi, da shigar iska.

Jemagu ma suna da hakki a dokar ƙasar nan, kuma rufin tsohon coci da ba kowa gidansu ne. In ka shiga dubawa ka kalli ƙasa a gindin bango da kan tagogi. Za ka iya ganin 'yan baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin ɓera. Ka murza ɗaya da yatsa: na ɓera tauri gare shi, na jemage kuwa rugujewa yake ya zama gari mai ɗan ƙyalli, saboda fukafukan ƙwari ne. In akwai alama, sai masani ya zo ya tsaya da almuru yana ƙirga masu fita, kuma ana yin wannan ne daga Mayu zuwa Satumba kawai. Wanda ya saya a Oktoba zai jira har bazara kafin takardarsa ta cika. Samun jemagu ba ya hana izini, lasisi ake nema daga Natural England, hukumar kare namun daji da mazauninsu, a kuma tanadar musu wurin zama, amma yana cin lokaci da kuɗi. Akwai kuma ɗan kuɗin da ake karɓa a kan kowane sabon gida don kare tsuntsayen gaɓa. A wasu sassan Norfolk da ruwansu ke gangarawa kogin Wensum da fadamun Broads, tun Maris 2022 sai ka nuna dattin gidanka ba zai ƙara gurɓata ruwan ba. Ƙaramar hukumar za ta gaya maka ko ƙauyen na ciki.

In wani sashe na ginin, ko matakalarsa, ko gangaren da ake tura kwale-kwale, ya sauka ƙasa da inda ruwa ke kaiwa in teku ya cika makil, aiki a wurin yana buƙatar lasisi daga hukumar kula da teku, kuma kusan rabin irin wannan fili na Crown Estate ne, wato kadarar masarauta. Ka tabbata iyakar da aka zana maka ba ta wuce abin da mai sayarwa ya mallaka ba.

Takardar mallaka fam 7 ce a ofishin rajistar filaye. Ka ciro ta, ka haɗa da ƙunshin takardun da masu gwanjo ke bayarwa, ka biya lauya ya karanta tun kafin ranar. Majami'u kan sayar da gine-ginensu da sharuɗɗan da ke bin fili har abada, kuma izinin hukuma ba ya goge su. Wani sharaɗin hana sayar da giya ne ko caca, wannan bai dame ka ba. Wani kuwa yana cewa in ka samu izinin gida za ka biya mai sayarwa kaso na ƙarin darajar. Ka duba ko akwai kaburbura a harabar, domin dokarsu daban ce kuma dangi na da hakkin ziyara. Ka duba ko hanyar da mota za ta bi ta isa ƙofa taka ce ko ta maƙwabci.

Maganar kuɗi tana da ɗaci da zaƙi. Masu ba da kuɗin sayen gida, har da na tsarin Musulunci, galibi suna son gidan da za a iya kwana a ciki yau, mai kicin da banɗaki. Mai sayen kango a gwanjo yakan ƙare a hannun masu bashin gajeren zango mai kuɗin ruwa mai nauyi, kuma na san yadda wannan yake a zuciyar da yawa daga cikinmu. In ba tsabar kuɗi gare ka na saye da na aiki ba, ka warware wannan tun yanzu. Ka kuma nemi kamfanin inshora ya rubuto maka farashi da sharaɗinsa a kan ambaliya, domin tsarin Flood Re da ke sauƙaƙa inshorar gidajen da ke cikin haɗari bai haɗa da gidajen da aka gina daga 2009 ba, kuma zai ƙare a 2039. Zaƙin shi ne harajin VAT: ɗan kwangila mai mayar da ginin da ba na zama ba gida yana cajin kashi 5 maimakon 20 cikin ɗari, kai kuma da za ka zauna a ciki kana iya neman a mayar maka da harajin kayan aiki cikin wata shida da kammalawa. Ka adana kowane rasit. Kasancewar zama za ka yi da iyali, ba gidan hutu kake nema ba, yana taimaka maka a idon mutanen gari. Garuruwan bakin teku sun gaji da gidajen da ke rufe duk lokacin sanyi, har garin St Ives da ke Cornwall ya sa doka a 2016 cewa sabbin gidaje na mazauna ne kawai. Ma'aikacin asibiti mai yara uku da za su shiga makarantar ƙauye abin so ne, ka rubuta hakan a takardarka.

Neman izinin kansa ba shi ne mai tsada ba. Kuɗin neman izinin gida ɗaya ya kai fam 578 a Disamban 2023, ana ɗan ƙara masa duk Afrilu. Rahotannin da ke raka shi su ne ke cin dubbai. A doka amsa mako takwas ce, maƙwabta na da kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, amma a gini irin naka ka sa ran za a nemi ƙarin lokaci. In an ƙi, kana da wata shida ka ɗaukaka ƙara. In an bayar, kana da shekara uku ka fara aiki, da sharuɗɗan da wasunsu sai ka cika kafin ka kafa tsani. Kafin duk wannan akwai shawarar share fage da ƙaramar hukuma ke bayarwa a rubuce in ka biya. Ba alkawari ba ce, amma tana nuna inda iska ta dosa, sai dai da wuya ta fito cikin mako uku.

Shi ya sa gwanjon nan yake damuna. Da an buga guduma ciniki ya faɗa, ka ajiye kafin alƙalami kashi 10 cikin ɗari nan take, sauran yawanci cikin kwana 28, kuma ba ruwan kowa da ko ka samu izini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tambayi kanka me ya sa 'yan kwangilar yankin, waɗanda suka san kowane kango, suka bar shi ya kai gwanjo a wannan farashi. Ka shiga shafin ƙaramar hukumar ka binciki adireshin, sau da yawa za ka tarar wani ya riga ya nema an ƙi, da dalilan a rubuce. Doka ta ba ka dama ka nemi izini a kan ginin da ba naka ba muddin ka sanar da mai shi, don haka hanyar da na fi so ita ce yarjejeniyar da ciniki ba zai tabbata ba sai izini ya fito. Ka kira masu gwanjon ka tambaya ko mai ginin zai saurari irin wannan tayi, musamman in ranar ta zo bai samu mai saye ba. In kuma zaman bakin tekun ne ya shiga ranka, ka duba tsohon shago ko ofis layi biyu ko uku daga ruwa, ta wajen tudu. Can gajeriyar hanyar nan ta kwana 56 tana iya yi maka aiki in wurin ba ya cikin yankunan da aka keɓe, teku kuma yana nan kana jin ƙararsa.

Ka turo min lambar adireshin ginin da tsayin bangonsa daga ciki, in duba maka taswirar zaizaya da ta ambaliya da rajistar tarihi a daren nan. Kai kuma ka sake zuwa ka gan shi, amma ka zaɓi rana. Teku ya fi cika wajen ɗaya ko biyu ga watan Musulunci da kuma wajen sha biyar zuwa sha shida, ka duba jadawalin cikar ruwa na garin ka je daidai sa'ar, in an samu iskar arewa ma ya fi. Ka tsaya a bakin ƙofar ka ga inda ruwa yake kaiwa. Ka duba ko maƙwabta suna da maƙalan allon tare ruwa a gefen ƙofofinsu. In ka ga dattijo a wurin, ka gaishe shi ka tambaye shi inda ruwa ya tsaya a 2013.